Shekarar da Tef Ɗina Ya Kusa Korar Folake Daga Katsina

Ku 'yan matan da kuka buɗe shagunan hayar kayan al'ada kwanan nan, ina ganin hotunanku a waya. Wata a cikinku ta zo shagona a Ƙofar Marusa, ta leƙa akwatunana, ta taɓe baki ta ce, "Anti Dije, ai sana'ar ga ba ta da wuya. Ɗaura ma yara zane ne kawai a ɗauki hoto." Na ba ta kujera, na ba ta ruwa, ban tanka ba, don in na fara sai la'asar ta same mu. To ga amsar a rubuce.

Ga wanda bai sani ba, ranar al'adu ita ce ranar da makaranta ke tara iyaye a ƙarƙashin rumfa, a sa wa yara tufafin ƙabilu daban-daban, kowane yaro ya fito ya gaida jama'a da yaren kayan da ke jikinsa. Ni ce mai kayan, ni ce kuma mai sa yaren a bakin yaro. Zanen rabin aiki ne, sauran rabin yana kan harshe. Kuma akwai shekarar da tef ɗina na awo, wannan mai ruwan ɗorawa da ke rataye a wuyana, ya kusa sa a ɗauke wata yarinya daga hannun uwarta a tafi da ita Ogbomosho, can ƙasar Yarbawa. Zan zo kan wannan. Sai kun fara sanin akwatunan.

Aikin farko da aka ba ni shi ne gugar rigar sarkin Igbo, baƙar nan mai kawunan zaki jere-jere. A wajen Gwaggo Laraba na koya, ƙanwar babana, wadda ta fara ɗinka irin kayan nan tun ana ƙirga makarantun kuɗi a Katsina da yatsun hannu. Ta zuba mini gawayi a dutsen guga ta shiga ɗaki. Ni kuwa a lokacin ba na rabuwa da littattafan soyayya na haya, kullum akwai guda a ɓoye cikin hijabina. Na aza dutsen, na buɗe shafi. Daidai wurin da saurayin ya tsayar da baƙar motarsa a ƙofar gidan su yarinyar, ya fara sauke gilashi a hankali, sai na ji ƙauri. Har yau a bayan rigar nan akwai zaki ɗaya da ba shi da fuska. Gwaggo ta fito, ta duba zakin, ta dube ni, ta ce, "Ke Dije, an ce ki yi guga, kin tafi yawon amarci da Alhajin da babu shi. To sauko ki ɗauko allura."

Akwatunan ƙarfe bakwai ne, kowanne da sunansa da fenti a murfi: Fulani, Yarbawa, Igbo, Barebari, Nufawa, Buzaye, Tibi. A ciki akwai ƙore, malafa, murjanin roba, takobin katako, jar hula, laffaya, da rawanin da in aka warware shi sai ya kai bakin titi. Kafur a kowace kusurwa saboda kyankyasai. Fil kwali biyu, don ranar taro fil ne ke riƙe da ƙasar nan gaba ɗaya. Gwaggwaron Yarbawa kuwa Gwaggo ba ta taɓa iya ɗaura shi ba, ni ma ban iya ba, sai muka samo dabara: a cusa tsohuwar jarida a ciki, a tayar da shi, a kafe da fil goma sha biyu. Daga nesa sai ka rantse matar wani babba ce. Daga kusa ana iya karanta labarin ƙwallo.

Sai littafi mai baƙin bango. Gwaggo ta bi gari da ƙafarta ta tara abin da ke ciki, wajen mai nono, wajen matar da ke tuƙa amala a tasha, wajen masu sayar da hula, wajen wata malamar jinya 'yar Tibi. Kowa ta tambaye shi yadda suke cewa sannunku da zuwa da yadda suke cewa mun gode, ta rubuta yadda kunnenta ya ji. Layi bibbiyu, ba ƙari. Duk wanda ya ce Hausa kaɗai ake yi a garin nan bai taɓa tsayawa a bakin tasha da hantsi ba.

Sa yare a bakin yaro kuwa, shi ne abin da hoton waya ba ya nuna muku. Yarbanci da tafi ake koyar da shi, don hawa da sauka yake yi. Fillanci sai yaro yana tafiya yake shiga. Mai kunya a juya shi ya fuskanci bango ya gaida bangon sau ashirin. Kuma ku tuna, yawancin makarantun nan duk shekara hukunta yaro suke yi in aka kama shi yana yin wani abu ba Turanci ba. Sai rana ɗaya tak a ce ya hau dandamali ya yi yare da ƙarfi a tafa masa. Akwai yarinyar da na taɓa shiryawa, ta gama gaisuwar Nufanci tsaf, ta sauko ta durƙusa da kanta ta ɗaga hannu sama tana jiran bulala.

Babbar dokar Gwaggo ita ce ba a tambayar yaro sunansa. Ta samo ta ne daga wani aiki kafin zuwana, inda ta yi kuskuren karɓar takardar sunaye. Da iyaye suka ji, sai aka fara sallama a ƙofar gida. Wannan ɗan Alhaji wane ne, ba zai ɗauki sanda ba. Wannan jikar Hajiya wance ce, dole a naɗa ta. Ranar taro aka fito da sarakuna shida, babu ko mutum ɗaya da zai gaishe su. Tun daga nan ta ce tef ne zai riƙa raba yare. A jera yara a jikin bango, a auna kafaɗa, a auna kai, a ba da lamba. Wanda rigar zaki ta zauna masa, Igbo zai yi. Wadda rigar saƙi ta shige ta, Fillanci. Tef bai san ɗan kowa ba. Kaya kuma ba sa kwana a gidan yaro, tun ranar da aka dawo mana da zanen Tibi an yi goyo da shi. Sannan yaro ba ya faɗa a gida abin da ya samu sai ranar taro. Wannan da alawa ake sayen ta, kuma yara sun fi manya riƙe alkawarin alawa.

Da idon Gwaggo ya yi rauni ta miƙa mini makullan, abin da na fara yi shi ne raina littafinta. Layi biyu? Yaro ya sha ado haka, ya fito gaban jama'a ya ce sannunku da zuwa ya koma? Na zauna na tsara jawabin da ya dace. Ina iya tuna farkonsa: "Ya ku baƙinmu masu fuska kamar farin wata, zuwanku ya sa furannin zuciyata sun buɗe, idanuna sun daɗe suna ƙishin ganinku." Shafi guda cur. Na ɗauka na shiga gari neman masu juya mini shi.

Wajen Oga Emeka mai kayan gyaran mota na fara, a hanyar Ƙofar Kaura. Na karanta masa da murya mai taushi yadda abin zai shige shi. Ya ajiye sifana ya dube ni.

"Hajiya, yaro ne zai faɗi wannan, ko ni kike faɗa mawa?"

"Yaro ne, Oga."

"To maimaita wajen ƙishin nan a hankali. A'a, tsaya. Madam tana ciki."

Madam ɗin, matarsa, ta riga ta fito. Ita ce ma ta ƙarasa juya mini jawabin, tana yi tana kallona daga sama har ƙasa. Mai nono kuwa da na karanta mata, sai ta ce in ɗan jira, ta kirawo 'yan'uwanta biyu su ma su ji, suka yi ta dariya har ƙwarya ta kusa kifewa. Na ɗauka daɗin kalaman ne ya kama su.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka rufe makarantu wata da watanni. Ba taro, ba kiɗa, akwatuna jibge a ɗakin baya a kan ƙasa mai laima. Na koma ɗinkin hijabi. Ranar da aka ce an buɗe makarantu na je na ɗaga murfi da murnata, sai na tarar tsatsa ta huda gindin akwatunan, gara ta shiga ta yi biki. Ba ta nuna bambancin ƙabila ba. Ta ci Nufawa, ta ci Barebari, ta ci rabin rawani. Abin da na tsira da shi kaya ɗai-ɗai ne a kowane akwati, kowanne da girmansa, babu na canji. Ku riƙe wannan, don shi ya ɗaure ni daga baya.

Aikin farko bayan garar, wata firamare ce ta kuɗi a bayan Ƙofar Sauri. Mai makarantar ta jera mini 'yan aji huɗu ta koma ofis. Malamai kuwa lokacin gwaji hutu ne a wajensu, suna inuwa suna ɓare gyaɗa. Na ciro tef. Yaran nan duk da Katsinanci suke cacar baki, irin wanda Bakano ke ji ya fara murmushi. Wani dogo siriri na naɗa masa sauran rawani, ya ce, "Anti, abin ga ya rufe man hanci, ta ina za ni shaƙi iska?" Na ce Buzu ba ya ƙorafi, lamba ɗaya. Wani ɗan lukuti ya cika rigar zaki dam, lamba biyu, sarkin Igbo. Wata doguwa mai dogon wuya, rigar saƙi ta zauna mata kamar a jikinta aka saƙa. Na aza mata ƙwarya na ja da baya ina kallo, na ce a raina in a littafi ne, wannan ce wadda ɗan mai kuɗi zai gani a bakin rafi ya daina cin abinci. Lamba uku, Fillanci. Sai wata gajeruwa mai kumatu, wadda kanta ne kaɗai ya iya riƙe gwaggwaron jarida bai zame ba. Lamba huɗu, Yarbanci. Na raba wa kowa shafinsa, na raba alawa.

Ban tambayi suna ba. Da na tambaya, da na ji cewa Buzuna sunansa Chinedu. Sarkin Igbo sunansa Abba, gidansu na cikin birni tun kakan kakansa. Mai ƙwarya sunanta Folake, mai gwaggwaro kuwa Boɗɗo, Bafillatana gaba da baya. Yaran sun sani sarai, amma ba wanda ya ga abin magana a ciki. A wajensu tef ya yanke hukunci.

Mako uku muna gwaji a bayan ajujuwa. Na lura in ina wurin sai su riƙe takardata suna gunguni, furannin zuciyata na fita da ƙyar kamar ana cire haƙori. In na juya baya kuwa sai in ji yare yana zuba kamar famfo, ana ƙyalƙyala dariya. Buzuna kullum in an fita tara yana tsugune wajen mai gadin makarantar, wanda shi Buzu ne na gaske. Na ce alhamdu lillahi, jawabina ya ratsa su har suna neman ƙarin haske.

Ranar taro na sa leshina mai ruwan hoda, don ban taɓa zuwa taron makaranta ba tare da shirin cewa kawun wani yaro, wanda bai yi aure ba, zai hango ni ta bayan rumfa ba. Ina cikin ajin da muka mayar ɗakin shiri, fil cike da baki, sai wata mata ta shigo da sauri cikin kayan asibiti, hoda a hannu. Nas ce, daga aiki ta gudo. Ta wuce kai tsaye wajen mai gwaggwaro, ta juyo da ita, ta ga kumatun da ba nata ba. Ta waiga. Ga 'yarta a gefe da ƙwarya a ka, tana gyara warwaro.

"Folake! Me nake gani?"

"Mama, ni Bahillata ce yau."

Matar ta jawo ni waje ta riƙe mini hannu tamau. Hausarta ta fi tawa sauri.

"Anti, kin kashe ni. Kin ga tsohuwar can a layin gaba, mai gwaggwaro kamar lema? Uwar mijina ce. Daga Ogbomosho ta taso saboda yau. Ta daɗe tana cewa mun mayar mata da jika Bahaushiya, in ta kira waya yarinyar ba ta ce mata komai. Ta rantse in ta zo ta tarar ba Yarbanci a bakinta, da ita za ta koma ta sa ta makaranta a can. Babanta ba ya iya ce wa uwarsa a'a. Ni na lallashe ta na ce ta bari sai ranar al'adu ta ji da kunnenta, don na san duk duniya ba wanda zai ba 'yar Yarbawa wani abu in ba Yarbanci ba. Jakar yarinyar tana ɗaki a haɗe, tsohuwar ce ta haɗa da hannunta. Ita Folake ta ɗauka ta hutu ce."

"Maman Folake, ki yi haƙuri, ai tef ne ya raba."

"Tef? Tef ne ya yi mini naƙudarta?"

Na ce a canja. Muka koma ciki da gudu. Rigar Yarbawa mai faɗi ce, za ta shiga Folake ko da a cibiya za ta tsaya. Amma rigar saƙi ta ƙi wuce kafaɗar Boɗɗo. Muka ja, muka tura, yarinyar ta maƙale hannuwa a sama, murya na fitowa daga cikin riga tana cewa ba ta gani. Ta biyun da za ta yi mata tana cikin gara tun bara. Da na ce to Boɗɗo ta haƙura ta zauna cikin 'yan kallo, sai kumatun suka fara rawa. Folake kuwa ta rungume ƙwarya ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wallahi ba ni ba da ƙwaryata. Kuma Boɗɗo ta hi kowa iyawa, sati ukku muna yi."

Sai muka ji lasifika, an gama addu'a, ana kiran masu al'ada. Na mayar wa kowa kayansa, na ƙara fil. Maman Folake ta ce ba za ta iya zama kusa da surukarta ba, ta tsaya tare da ni a gefen dandamali. A littafi, irin wannan lokacin ne ake jin ƙarar birki, wani ya fito da ƙamshin turare ya gyara komai. Na kasa kunne. Akuya ce kawai ke kuka a bayan katanga.

Chinedu ne ya fara. Ya fito da rawani da takobin katako, tafiya ɗai-ɗai, ya tsaya gaban babban baƙo ya zuba masa Buzanci da kakkausar murya. Na san tsawon jawabina, wannan ba shi ba ne. Kalmomi ne gajeru, suna fita kamar umarni. Can bakin ƙofa sai mai gadi ya faɗo daga bencinsa don dariya. Daga baya ya gaya mini abin da yaron ya kwaso daga bakinsa ya ce wa babban baƙo: wa kake nema, ba a shiga da mashin, koma ka rufe ƙofar da ka buɗe, shayin bai nuna ba kada ka dame ni. Babban baƙo ya gyaɗa kai cikin girmamawa ya tafa.

Sai Abba, da rigar zaki da jar hula da murjani har ciki. Ya kama kunnensa ɗaya, ya karkata kai, ya fara. Wata mata a layi na uku ta ƙwalla ihu ta rufe fuska da jaka. Maman Chinedu ce. Duk Igbon da ke wurin suka kwanta a jikin juna. Ashe mai martaba cewa yake in ya ƙirga uku bai ga an wanke kwanukan nan ba yau sai an gaya masa wanda ya haifi wani, kuma wa ya shanye lemon da aka ajiye wa baƙi. Har da tsakin ƙarshe, mai tsawo.

A nan na gane. Yaran sun jefar da furannin zuciyata tun makon farko. Chinedu ne ya ji Abba yana fama da shafina, ya ce masa a gidansu ba wanda ke magana haka, ko a coci. Sai kowa ya koma wajen mai yaren ya ce, to ku yaya kuke yi a gida? Yaro kuwa abin da ya fi ji a gida shi ya fi iyawa.

Folake ta fito da ƙwarya, wuya a miƙe, kowa ya zuba mata ido don kyau. Ta buɗe baki da Fillanci mai zaƙi tana rausaya kai. Wani mutum mai tabarau ya cire hula ya kifa a fuska. Baban Boɗɗo ne, ma'aikacin ofis, wanda 'yarsa ba ta taɓa shafa saniya ba. Mai ƙwaryar tawa da muryarsa take tambaya wa ya ɗauki rimot, wa ya bar fanka a ɗakin da ba kowa, kuma wa ya cire masa caja. Aka tafa har da fito. Tsohuwar Ogbomosho ba ta tafa ba. Ta gane jikarta. Ta naɗe hannuwa a ƙirji, ta juyo a hankali ta nemo surukarta da ido har ta same ta a gefena, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Maman Folake ta ce, "Shi ke nan. Gobe mota."

Sai ga Boɗɗo, gwaggwaro na rangaji. Ta durƙusa gwiwa biyu daidai gaban tsohuwar, ba don ta san ta ba, nan ne tsakiya. Ta miƙe, ta kafa tafin hannu a kunne kamar waya, ta dafa ƙugu da ɗayan, ta ɗaga murya irin ta tsofaffi. Maman Folake ta damƙe mini hannu.

Na ce, "Mi take cewa?"

"Tana cewa, alo, alo, ba na ji. Kin ci abinci? Me kika ci? Tuwo kuma? Wayyo, sun busar mini da ke."

"Sai mi?"

"Gwiwata tana ciwo. Ki gaya wa babanki rufin ɗaki na yoyo tun bara." Maman Folake ta kau da kai. Yarbawan da ke wurin sun fara dukan cinya.

"Ci gaba mana."

"Uwarki har yanzu ba ta iya miya ba, ruwa-ruwa take yi, ban san abin da ɗana ya gani ba." Ta faɗi wannan tana kallon gaba kamar mai karanta labarai. "Anti, wayar ranar Lahadi ce. Dukanta. Har tarin."

Gaskiya ne, Boɗɗo ta yi tari sau biyu a daidai wurinsa, ta ci gaba. Tsohuwar ta saki hannuwa, bakinta ya buɗe. Sai muryar yarinyar ta sauya, ta yi ƙasa, ta shiga wani abu mai kama da waƙa. Dariya ta tsaya. Maman Folake ba ta jira na tambaya ba, ta ce kirarin gidan mijinta ne, sunayen kakanni da garin da suka fito, wanda tsohuwar ke rufe waya da shi kowane mako. Ta ce ita kanta duk shekarunta a gidan ba ta iya kai shi ƙarshe. Boɗɗo ta kai shi rabi ta kakare. Ta tsaya, ido ya ciko. Sai daga bayan dandamali mai ƙwarya ta leƙo ta jefa mata layin da ya ɓace, da ƙarfi, da Yarbanci tas, ta fito ta tsaya kusa da ita suka ƙarasa tare.

Tsohuwar ta miƙe. Ba wanda ya gayyace ta, ta hau dandamali tana dafa gwiwar da duk muka riga muka san tana ciwo. Ta kama haɓar Boɗɗo ta tambaye ta wani abu. Boɗɗo ta waiga wajen Folake, don ita waya ɗaya ta haddace, bayan ita ba ta jin komai.

Folake ta ce, "Cewa ta yi wa ya koya maki."

"Ke mana."

Folake ta juya ta mayar wa kakarta da Yarbanci. Tsohuwar ta zazzaga mata wata tambayar, yarinyar ta amsa a gajarce, rumfa ta sake fashewa. Uwar ta juya mini tana share ido da bakin mayafi. Kakar ta tambaya me ya sa ba ta taɓa yi mata magana a waya ba, ita kuma ta ce, "Kaka, ai ba kya tsayawa."

Tsohuwar ta rungume su duka biyun, ƙwarya ta faɗi ta gangara. Sai hannunta ya taɓa gwaggwaron. Ta tsaya. Ta latsa, ya yi ƙara. Ta zare fil ɗaya bayan ɗaya, ta zaro jaridar a gaban iyaye da malamai da babban baƙo, ta ɗaga ta sama da yatsu biyu, ta yi tambayar da ba ta buƙatar tafinta. Yara gaba ɗaya suka juyo suka nuna ni da leshina mai ruwan hoda.

A ranar aka kwance jakar Folake. Tsohuwar ta ce yarinyar da ta iya kirarin gidansu har ta koya wa 'yar wasu, a bar ta inda take. Ta dai nemi a ba ta Boɗɗo a madadi, baban Boɗɗo ya ce zai yi shawara. Maganar miya kuwa ba ta janye ba.

Ni hukuncina daban ne. Mako biyun da ta ƙara a Katsina, kullum bayan la'asar sai mai keke ya sauke ta a ƙofar shagona, Folake na biye tana tafinta. Ta zaunar da ni ta koya mini ɗaurin gwaggwaro ba jarida, ba fil. In na karkace sai ta make mini bayan hannu. Shekara da shekaru ina jiran ranar da wani zai sauka a ƙofar shagon nan ya kama hannuna, ashe 'yar Ogbomosho ce mai ciwon gwiwa, kuma duka take yi.

Jawabin furanni yana can ƙasan akwatin Nufawa, ko gara ba ta taɓa shi ba. Har yanzu tef ne ke raba yare, kuma ban karya dokar Gwaggo ba, ba na tambayar suna. Tambaya ɗaya na ƙara kafin in auna kafaɗa. Nakan durƙusa daidai tsawon yaro in ce, "Da wane yare ake maka faɗa a gida?" Daga amsar nake sanin wanda zan zaunar kusa da wa, sai in koma inuwa wajen masu gyaɗa in bar su.

Ke kuma da kika ce ɗaura zane ne kawai, ki zo ranar Asabar bayan la'asar in nuna miki gwaggwaro. Ki shafa wa bayan hannunki mai kafin ki taho, don yadda aka koya mini haka nake koyarwa.